Magaribar Birmingham da littafin bashi: jawabi ga iyayen zango a Selly Oak

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Malamai, dattawan zango, iyayenmu mata, 'yan'uwan da suka yi sammako tun daga Manchester, da ku samari da 'yan mata da kuka taru can baya kuna latsa waya, ina yi wa kowa barka da zuwa. Kun san ni ba malami ba ne. Bokona ya tsaya a sakandare a Kumasi, karatun allona kuma bai kai in hau mumbari ba. Garin rogo da manja da busasshen kifi nake sayarwa, ranar Asabar in zo nan in taya ɗaure kwalayen abincin da muke rabawa. Da aka ce ni zan yi magana a kan yara masu tasowa da dokar gida, na ce a nemi wanda ya fi ni. Sai shugabanmu ya ce ai saboda kurakuran da na tafka ne aka zaɓe ni. To, tunda haka ne, su zan kawo muku.

Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya. Daga nan yaranmu kan taso daga makaranta ƙarfe 3 da 'yan mintoci, kafin ƙarfe 5 rana ta faɗi. In Disamba ta yi tsakiya, ana kiran magariba a garin nan tun ƙarfe 4 ba ta cika ba. A watan Yuni kuwa sai wajen 9 da rabi na dare. Duk mun san wannan, muna ganinsa a takardar lokutan salla da ke manne a kicin. Amma ni na yi shekaru ban haɗa shi da dokar gidana ba.

Dokar gidana ita ce wadda na gada a Aboabo: kowane yaro ya shigo gida kafin magariba. Haka mahaifina ya yi mana, Allah Ya jiƙansa, haka shi ma aka yi masa. A Kumasi wannan doka ba ta da aibi, don magariba a can ba ta nisa da ƙarfe 6, rani da damina. Kuma ko yaro ya yi lattin shigowa, ina ya je? Yana ƙofar gidan wani da ya san ubansa. Mai koko ta gan shi, mai shayi ya gan shi, ladan ma ya gan shi. Unguwa ce ke riƙe da yaro, dokar magariba ƙarin ƙulli ce kawai.

Shekarar da 'yata ta biyu ke aji na 11, tana shirin jarrabawar GCSE, makarantarsu ta buɗe ƙarin darasin lissafi bayan tashi. Ta fara zuwa. Wata rana a Disamba na dawo da wuri na tarar ba ta gida, ga duhu ya rufe. Tana shigowa na hau ta da faɗa, ban ko tambaye ta daga ina take ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, “Ka yi haƙuri, Baba.” Daga ranar ba ta ƙara yin latti ba, ni kuma ina ta jin daɗi tarbiyya ta kama. Sai a taron iyaye da malamai, bayan hutun sabuwar shekara, malamar lissafi ta tambaye ni me ya sa yarinya mai ƙoƙari irin wannan ta daina zuwa ƙarin darasi. Na juya na kalle ta. Ta ce da ni da Hausa, a hankali, don kada malamar ta ji: “Baba, kai ka ce magariba. Magariba yanzu ƙarfe 4 ce.”

Jama'a, na ji kunya a ranar. Abin da ya ƙara mini kunyar shi ne da na tuna yayanta. Wannan dokar dai, da bazara, ita ce ta ba shi damar yawo har 9 da rabi na dare, ya shigo yana murmushi ya ce ai ba a kira salla ba tukuna. Doka ɗaya ta hana mai biyayya karatu, ta sakar wa mai yawo igiya. Ni kuma da na kafa ta ina zaune ina ganin gidana a tsare yake.

Na yaron ya fi zafi, bari in ba ku. Yana shekara 15 ya riƙa cewa zai je laburare bayan makaranta. Wani ɗan'uwanmu mai tuƙa tasi ya kira ni ya ce ya gan shi a bakin Bullring da wasu samari. (Masu tasinmu, Allah Ya saka muku da alheri, ku ne mai koko da mai shayin garin nan.) Da ya dawo na tambaye shi, ya rantse yana laburare. Na ƙwace wayarsa na ce wata guda. Bayan mako biyu mamansa tana gyara ɗaki ta tsinci wata waya a cikin takalminsa.

Wanda bai san abin da waya ta biyu ke nufi a ƙasar nan ba, ya saurara. Akwai abin da 'yan sanda ke kira kaunti layin. Dillalan ƙwaya na manyan birane irin Birmingham da Manchester da Landan suna neman yara ƙanana, su fara da saya musu abinci da takalmi, sannan su ba su waya ta musamman, su riƙa aikensu da kaya zuwa ƙananan garuruwa a jirgin ƙasa. In yaro ya so fita sai a ce ana bin sa bashi. Alamomin da ake gaya wa iyaye su lura da su sun haɗa da waya ta biyu, da kuɗi ko sabbin kaya da ba a san tushensu ba, da ɓacewa kwana ɗaya ko biyu. Kuma a Ingila, daga shekara 10 doka tana iya kama yaro da laifi. Daren nan ni da mamansa ba mu runtsa ba.

Allah Ya taimake mu, tsohuwar wayar abokinsa ce ya ara, don ya ci gaba da hira da 'yan ajinsu. Yawon Bullring ɗin ma kallon takalma ne da cin kaza. Amma na fahimci wani abu da ya tsorata ni fiye da wayar: da a ce wani mugu ne ya ba shi, ni ne mutum na ƙarshe da zai zo ya gaya wa. Na gina gida yadda faɗin gaskiya ya fi ƙarya tsada. In ya ce Bullring zai je, amsa a'a ce. In ya ce laburare, amsa to ce. Ko ni ne, wanne zan zaɓa?

Mamansu ce ta buɗe mini ido. Ta ce, “Alhaji, matan da ke karɓar kaya bashi a shagonka, haka kake yi musu?” Na ce ina ruwan wannan da wancan. Ta ce, “Ka dai yi tunani.”

Na yi tunanin, har ya kai ni Kumasi. Da na gama sakandare aka kai ni wurin wani dattijo mai sayar da goro, na zama yaron shagonsa. Watan farko ban taɓa kuɗi ba, aikina yayyafa wa goro ruwa da tsince wanda ya fara lalacewa. Daga nan ya fara aikena da canji. Na gane daga baya cewa wani lokaci da gangan yake ƙara 'yan sulalla a kai, ya ga ko za su dawo. Sannan ya bar ni da tire ɗaya. Sannan ya bar mini shago daga azahar zuwa la'asar. Sai da na shekara biyu kafin ya ba ni huhu guda ya ce in kai Ankara in sayar in kawo kuɗi. Ran da na yi asara a hanya, ruwa ya taɓa kayan, na dawo ina rawar jiki na faɗa masa tun kafin ya tambaya. Bai zage ni ba. Ya ce tafiya ta gaba rabin huhu zan ɗauka. Wani yaron da muke tare, da irin haka ta same shi sai ya ɓoye, ya ciwo bashi ya cike gurbin. Shi aka sallama. Ba asarar ce ta kore shi ba, ɓoyewar ce.

Duk wanda ya yi kasuwa a zauren nan ya san wannan. Ba ka ba baƙo kayan fam 500 ranar farko. Kana ba shi na fam 20. In ya kawo ranar da ya ce, ka ba shi na 50. In ya saɓa sau ɗaya ba ka yaga shafinsa, kana rage masa ne ka ga yadda zai yi. Wanda kuma ya ce shi ba ya ba kowa bashi sam, to ba zai taɓa sanin mai amana a cikin masu sayensa ba. Mun iya wannan da baƙi. Da 'ya'yan cikinmu sai mu ce ba bashi, ba ciniki, sai ranar da suka girma. Yaushe za mu san sun girma in ba mu taɓa gwada su ba?

Malamanmu suna nan, in na yi kuskure su gyara mini. A Suratun Nisa'i, aya ta 6, inda ake maganar dukiyar marayu, an umarci mai riƙo ya riƙa jarraba su, in ya ga hankali da iya riƙo sai ya miƙa musu abinsu. Jarrabawa ba ta yiwuwa sai an ɗan saka wani abu a hannun wanda ake jarrabawa. A Suratus Saffat kuma, da Annabi Ibrahim ya ga mafarkin yanka ɗansa, umarni ne daga Allah, amma duk da haka ya faɗa wa yaron ya nemi jin ra'ayinsa. Mu kuwa lokacin kwanciya barci ma muna ganin raini ne a tambayi yaro. Abdullahi ɗan Umar ya nemi fita yaƙin Uhudu yana shekara 14 aka mayar da shi, ya sake nema a Handaƙ yana 15 aka karɓe shi. An ce masa ba yanzu ba, kuma da lokacin ya yi an cika masa.

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta fi matsa mana a nan fiye da gida, shi ne dokar ƙasa ba ta jiran iznin uba. Yaro na gab da cika 16 za a aiko masa da lambar inshorar aiki da sunansa. A 16 yana iya amincewa da maganin likita da kansa. A 17 yana iya tuƙa mota in ya samu lasisi. A 18 komai ya koma hannunsa. Yaran da aka haifa a ƙasar nan tsakanin 1 ga Satumba 2002 da 2 ga Janairu 2011, gwamnati ta buɗe musu asusun ajiya tun suna jarirai, kuma ranar da suka cika 18 kuɗin nasu ne, ko sun yi hankali ko ba su yi ba. In ɗanka ya shiga jami'a, ba za su gaya maka sakamakonsa ba sai da yardarsa. Ke nan daga 12 zuwa 18, shekara shida kacal ke hannunmu mu miƙa amanar kaɗan-kaɗan muna kallo. In ba mu yi ba, doka za ta miƙa ta gaba ɗaya rana guda, ba ma wurin.

Mu da ke Selly Oak muna ganin wannan da idonmu. Duk watan Satumba motoci na cika Bristol Road da lungunan Bournbrook, iyaye na sauke 'ya'yansu ɗaliban jami'a da akwatuna da tukwane, su yi musu sallama su tafi. Cikinsu akwai yaran Musulmi, wasu suna shigowa shagona neman yaji da garin tuwo. Wanda aka saba ba shi 'yar igiya a gida, za ka gan shi ya san lokacin kwanciyarsa, ya san lissafin kuɗinsa, ranar Juma'a ka gan shi a sahu. Wanda aka kulle shekara 18 aka sake shi dare ɗaya, sau da yawa shi ne wanda kuɗinsa ke ƙarewa tun Nuwamba. Ban ce duka ba. Amma na ga isassu.

To, me muka yi a gidana? Wata Lahadi bayan cin abincin rana na ce kowa ya zauna. Yaran suka ɗauka wani ya mutu. Na ce dokar magariba ta tashi, za mu sa ta agogo. Na ce akwai abubuwan da ba na ciniki a kansu: salla, da giya da ƙwaya da sigarin lantarkin nan, da ɗaukar wuƙa ko da sunan kare kai ne, da kwana a wani wuri ban sani ba. Sauran duka, na ce, ku kawo tayinku.

Yaron ya nemi ƙarfe 10 na dare. Na ce 7. Muka yi ta ja kamar cinikin rago ana gobe Salla, muka tsaya a ƙarfe 8 ranakun makaranta, 9 ranar Asabar, da sharaɗin in ya kiyaye har hutun Ista za a ƙara rabin awa. In zai yi latti ya turo saƙo kafin lokacin ya cika, ba bayan ya wuce ba. Ya faɗi inda za shi da wanda za su tafi tare, kuma in ya faɗi gaskiya ba zan hana don wurin bai yi mini daɗi ba kawai, sai in ina da dalilin da zan iya faɗa. Yarinyar ta rubuta a takarda muka manna a jikin firij.

Sannan mamansu ta ce, “Ku kuma me kuke so Babanku ya daina?” Ban shirya wa wannan ba. Yaron ya ce in daina yi masa tsawa a gaban abokansa. Yarinyar ta ce a riƙa ƙwanƙwasa ƙofa kafin a shiga ɗakinta. Suka haɗa baki suka ce in zan duba waya in duba a gabansu, kada in ɗauka suna barci. Zuciyata ta tafasa, na ji kamar in ce a gidan wa. Amma na duba, babu ɗaya a ciki da ya saɓa wa addini. Neman izni kafin shiga ɗaki ma mu muka koya musu. Na ce na yarda.

Abu na ƙarshe da muka sa a takardar shi ne ya fi kowanne amfani. Na ce duk inda ɗayanku ya samu kansa cikin matsala, ko ƙarfe nawa ne, ko wurin da na hana ne, ya kira ni. Zan zo in ɗauke shi, kuma ba faɗa sai gari ya waye. Sau ɗaya aka yi amfani da wannan. Ba zan ba da labarin ba, don na yi alkawari. Amma na tuka mota zuwa wata unguwa ƙarfe 11 na dare ina cije leɓe, na dawo da ɗana gida lafiya, kuma da babu wannan layin a takardar ban san inda zai kwana ba.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Ya yi latti, minti 40, wayarsa ta mutu. Da ni ne na da, wata guda ba fita. Sai na tuna rabin huhu. Na ce mako biyu ka koma ƙarfe 7, bayan nan mu koma inda muke. Ya yi gunaguni, amma bai nemi wayar aro ba.

Ni ma na saɓa, kuma nawa ya fi muni. Da ya cika 16 ya gama jarrabawa, ya nemi ya je Manchester shi kaɗai wurin 'ya'yan ƙanwata a Longsight, ya kwana biyu. Ya zo da shirinsa a rubuce: jirgin da zai hau a New Street, lokacin da zai sauka a Piccadilly, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, ga katin rangwamen 'yan shekara 16 da 17 da ke rage rabin kuɗin jirgi, ga wanda zai tarbe shi. Na ce to. Ana saura kwana uku wani dattijo da nake jin nauyinsa ya zo gaishe ni, maganar ta fito, ya ce, “Alhaji, yaro ɗan wannan shekarun za ka saki a jirgi shi kaɗai? Me mutane za su ce?” Nan take a gabansa na ce an fasa. Yaron bai ce uffan ba. Da baƙon ya tafi ya zo ya durƙusa ya ce, “Baba, wata takwas ban saɓa ba. In na cika nawa kai ba ka cika naka ba, to me takardar take yi a firij?” Na rasa amsa. Kwana biyu ina jan girma, a na uku na kai shi tasha da kaina.

Iyayena dattawa, ku gafarce ni, a nan zan ɗan taɓa mu. Rabin dokokin gidajenmu ba don yaro aka kafa su ba, don bakin mutane ne. Me za a ce a masallaci, me za a ce a wurin suna, me za a kai Nima da Aboabo a WhatsApp. Yaran sun gane wannan sarai. Suna iya bambanta dokar da aka sa don tsoron abin da zai same su da wadda aka sa don tsoron surutu. Ta farko suna girmama ta ko da suna ƙorafi. Ta biyu kuwa hanyar zagaye ta kawai suke nema.

Haka batun 'ya'ya mata. Muna ƙirga wa yarinya mintoci tsakanin makaranta da gida, namiji kuwa mu ce ai namiji ne. Alhali wuƙa da 'yan daba da aiken ƙwaya sun fi cin samari. Ban ce a saki 'yan mata ba, su ma akwai masu farautarsu, yawanci ma ta cikin wayar da ke hannunsu suna kwance a ɗaki. Abin da nake cewa, a buɗe wa kowa shafinsa a littafi. Wadda ta cika alkawari a ƙara mata, wanda ya saɓa a rage masa. In yarinya ta ga duk amanar da ta riƙe ba ta ƙara mata komai, ɗan'uwanta kuma duk saɓawarsa ba ta rage masa komai, to mun koya wa su biyun cewa riƙon amana ba shi da riba.

Sai maganar da kowa ke yi in rai ya ɓaci: zan mayar da kai gida. Ni ma na sha faɗa. Da yawanku kun ji shari'ar da aka yi a Landan. Wasu iyaye 'yan asalin Gana sun ji tsoron ɗansu yana shiga cikin 'yan daba, a watan Maris 2024 suka kai shi Gana da cewa za a duba wani ɗan'uwa marar lafiya, suka sa shi makarantar kwana suka baro shi. Yaron ya samu lauyoyi ya kai iyayensa ƙara. A watan Fabrairun 2025 Babbar Kotu ta goyi bayan iyayen, ta ce tsoronsu na gaskiya ne. A watan Yuni Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a sake sauraron shari'ar. Ba na zargin iyayen nan, wanda ya taɓa tsintar waya a takalmin ɗansa ba zai zarge su ba. Na kuma san yaran da zaman gida ya gyara. Amma ku duba inda abin ya kai: ɗa da iyaye suna magana ta bakin lauyoyi. In har za a kai yaro gida, a gaya masa gaskiya, a gaya masa dalili da ranar dawowa. Ran da ka yaudare shi ya hau jirgi, ka kashe jarin da za ka yi shekaru ba ka mayar ba, kuma ƙannensa suna kallo, ba za su ƙara yarda da tafiyar hutu ba.

Yanzu ku na baya, ku ajiye wayar minti biyu. Kada ku fita nan ku ce Alhaji ya ce a sake mu. Mai karɓar kaya bashi shi ke da aikin nuna cewa zai biya. Iyayenku ba mugunta ke sa su riƙe ku ba. Babanku da ke tuƙa tasi da dare ya ga abin da ke faruwa a Broad Street ƙarfe 2, mamanku da ke aikin dare a asibiti ta ga yaran da ake shigowa da su. In kana son a ƙara maka lokaci, fara da cika wanda aka ba ka. Ka yi cajin wayarka kafin ka fita. Ka kawo abokanka gida su gaishe da mamanka su ci shinkafa, don abokin da ba a taɓa gani ba kullum ɗan daba ne a idon uwa. In za ki nemi wani abu, kada ki nema Baba na shigowa daga aiki a gajiye, kada kuma ki nema a gaban baƙi, kin ji abin da ya same ni. Ki bari ya ci abinci, ki zo da shirinki: ina, da wa, ƙarfe nawa, wa zai dawo da ke. In aka ce a'a, tambayi me za ki yi a ce to nan gaba. In kuma ka yi ɓarna, riga mai tasi isowa gida da labarin.

Masu son 'yan ayyukan samun kuɗi, wannan ma hanya ce mai kyau ta gwaji, amma akwai ƙa'ida. Yaron da bai gama aji na 11 ba, doka ba ta yarda ya wuce awa 12 a mako lokacin makaranta ba, kuma ba aiki kafin ƙarfe 7 na safe ko bayan 7 na yamma. Mu masu shaguna mu kiyaye.

Yaron nan nawa yanzu yana shekararsa ta biyu a jami'a, a wani gari. Ba ni da takarda a firij ɗinsa. Yakan kira ranar Juma'a da yamma, wani lokaci ya manta. Yayar autarmu tana karatun aikin jinya. Saura autar, shekararta 13, ta shigo da buƙatar Snapchat, ta ce duk 'yan ajinsu suna da shi kuma shekarunta sun kai abin da kamfanin ya sa. Ni ban so. Mamanta ta ce a ba ta na wata guda a gani, da sharaɗin waya ta kwana a falo. Gobe Lahadi bayan abincin rana za mu zauna, kuma na ji ta tana gaya wa yayarta cewa ita ma ta rubuto abubuwa uku da take so in daina. Ku sa ni a addu'a.

An ce in sanar cewa wake da shinkafa na nan a ɗakin baya, mutanen Manchester su fara ɗiba saboda hanya.